Yadda na kai Inna asibiti Kano bayan fitarmu daga CEDEAO

A tsakiyar Janairun 2025 likitan ido a nan Damagaram ya gama duba Inna, ya kashe ƴar fitilarsa, ya ce mini ciwon suga ya fara taɓa jijiyoyin bayan idonta, kuma aikin da take buƙata sai Yamai ko Kano. Yamai kusan kilomita 900 ce, wuni guda cur a bas ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kano kuwa ba ta wuce 240 da ƴan kai ba, ga ƙanwata tana aure a can. Shawarar ba ta yi tsawo ba. Abin da ya tayar mini da hankali lokacin ne, don saura mako biyu 29 ga Janairu ta cika, ranar da fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ƴan uwanmu na Najeriya ke kira ECOWAS, za ta tabbata, shekara guda bayan sanarwar da suka yi. A fada da kasuwar Dole kowa da irin tasa. Wannan ya ce daga ranar sai da biza, wancan ya ce tsohon fasfo ya mutu, wani ya rantse za a sake rufe iyaka. Ba na ganin laifin masu tsoro, jiki magayi. Mun ga rufewar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mun ga takunkumin da aka yanke a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, aka datse mana wuta, magani ya yi wuya a kantuna, iyaka ba ta buɗe ta ɓangarorin biyu ba sai Maris na 2024.

Ni malamin tarihi ne a koleji, saboda haka na bar ji-ta-ji-ta na nemi abin da hukumomin suka faɗa da bakinsu. Tun Disambar 2024 ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, suka ce ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza. Ranar 29 ga Janairu kuma CEDEAO ta fitar da tata sanarwar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, a bar mutanen ƙasashen uku su yi zirga-zirga ba biza, har sai an ba da wani sabon umarni. A ranar ce aka fara fitar da fasfon AES, aka kuma ce tsohon yana aiki har wa'adinsa ya ƙare. Nawa da sauran shekara biyu, sai na samu natsuwa. Ashe ba ta nan wahalar za ta ɓullo ba.

Inna ba ta da takarda ko ɗaya. Ta sha zuwa Daura da Kano biki da ta'aziyya a motar haya, ba wanda ya taɓa tambayarta komai, amma ba zan ɗauki marar lafiya in dogara da sa'a ba. Katin ɗan ƙasa kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, wanda aka haifa a ƙauye ba a yi masa rajista ba sai ya bi ta kotu a yi masa abin da muke kira jujiman. Kuskurena na farko shi ne zuwa kotun nan cikin gari. Na ɓata safiya guda a layi kafin magatakarda ya ce mini, cikin mutunci, da irin kiran da ake yi wa malamin makaranta a nan, "Mushe, kotun inda aka haife ta za ka." Inna ƴar wani ƙauye ce a ƙasar Mirya, sai muka nufi can da shaidu biyu, Kawu yayanta da wani dattijo da ya san gidansu. Ka tabbata su kansu shaidun katinsu bai mutu ba. Na dattijon ya ƙare, sai da muka koma washegari da wani. Da aka zo maganar shekara, Inna ta ce ita dai ana goya ta aka samu mulkin kai. Kawu ya gyara zama ya ce a'a, tana gudunta a lokacin, kuma shekarar da Kunce ya karɓi mulki, cikin yunwar nan, aka kai ta ɗaki. Wato 1974. Da waɗannan biyun aka lissafa aka rubuta wajajen 1957. Kwana goma sha ɗaya muka jira, sannan na kai hukuncin meri, wato ofishin magajin gari, aka shigar da shi rajista aka ba ni kofi. Da shi da hotuna da tambur, wato kan sarki, muka je kwamisariya, ofishin ƴan sanda, aka auna tsawonta, ta dangwala yatsa, bayan kwana uku kati ya fito. Idan na haɗa tambur da hoto da kofe-kofe da man zuwa Mirya sau uku da abincin shaidu, wajen jaka goma sha biyar na kashe, wato sefa dubu goma sha biyar, kuma rabinsu a mai suka tafi.

Sai karnen rigakafi, ɗan littafin nan ruwan ɗorawa na cutar shawara. Nawa na 2012 ne, na ɗauka ya mutu tunda a da shekara goma yake yi. Ma'aikaciyar ta ce tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na har abada, allura ɗaya ta isa, in riƙe kuɗina. Na Inna ne ya zo da magana. Likita ya ce wanda ya haura shekara 60 ba a yi masa wannan allurar kai tsaye sai an auna lafiyarsa, kuma ga suga ga hawan jini, shi bai ga ya dace ba. Ya rubuta mata takardar uzuri, ya sa hannu ya buga hatimi. Kada ka yarda wani ya sayar maka da karne a tasha ba tare da allura ba. An yi mini tayi, na ƙi. Takardar likita ta gaskiya ta fi min kwanciyar rai.

Takardar izinin fita ƙasa ta ma'aikacin gwamnati ba ta ba ni wuya ba, mako guda ta yi tsakanin darakta da na sama da shi. Ka dai rubuta da wuri, ka haɗa da takardar likita.

Mota ce ta koya mini cewa kowace takarda da uwar da ta haife ta. Kart giris (takardar mallakar mota) da farmi (lasisin tuƙi) da bizit (takardar duba lafiyar mota) da binyet (ta haraji) na gida ne. Amma asirans ɗinmu, wato inshora, ba ta tsallaka iyaka sai da katin nan ruwan ƙasa da direbobi ke kira kart burun, wanda aka kafa da wata yarjejeniyar CEDEAO ta 1982 don in ka buge wani a wata ƙasa a samu mai biya. Na shiga kamfanin inshora ina zaton za su ce ya tafi da fitarmu. Matar da ke kan teburi ta ce su dai ba a aiko musu da umarnin dainawa ba, ta duba kwanakin asirans ɗina ta ga saura kwana ashirin, ta ce in sabunta duka don katin ba ya wuce ranar asirans. Na biya na wata uku. Daga nan na biya wajen ƴan canji. Jaka guda ta sefa a lokacin ta haura naira dubu biyu, alhali shekara goma baya ba ta kai ɗari biyar ba. Sefa tana ɗaure da yuro, kuma har yau muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi. Na canza kaɗan na hanya, sauran na riƙe a sefa. Na kuma cika tanki a gida, kowace lita sefa 499, don tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 lissafin da muka saba ya juye, har ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai sun ragu a bakin titi.

Talata 18 ga Fabrairu muka tashi bayan asuba. Hanya biyu ce, ko ka bi Magarya ka fita ta Babban Mutum, ko ka bi Takeita da Kance da Matamaye ka fita ta Ɗan Barto zuwa Kongolam da Daura. Na zaɓi ta biyun, na kuma kauce wa Lahadi saboda kasuwar Mai'aduwa. Da daddare ina barci Inna ta sa yara sun loda buhu biyu na wake da rabin buhun gero a but. Da na yi magana ta ce ba a zuwa gidan suruki hannu rabbana. Ban ja ba, kuma nan ne kuskurena na biyu, don na san dokar, mantawa na yi.

Mun isa Ɗan Barto wajen ƙarfe tara. Wurin ƴan sanda ba mu daɗe ba, aka buga mini hatimin fita, aka rubuta sunan Inna a babban littafi. Da muka zo duwan, wato kwastan, wani saurayi ya ce in buɗe but. Ya dubi buhunan, ya dube ni, ya ce, "Mushe, ai ka san tun Oktoba an hana fitar da hatsi." Haka ne. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake, in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba. Inna ta sauke gilashi ta ce, "Yaro, ɗiyata zan kai wa, ba kasuwa za ni ba." Ya zagayo ya russuna a bakin taga ya ce, "Na sani, Hajiya. Ni ma kakata ƴar Daura ce. Amma buhu biyu da rabi ya wuce abin da zan kira guzuri, ki yi mini haƙuri." Bai ƙwace ba, bai nemi komai ba, cewa ya yi mu sami inda za mu ajiye. Wani mai shago da na taɓa koyar da ɗansa ya karɓa ya jingine su bayan kantarsa. Inna ba ta ƙara magana ba. Na ga tana goge ido da bakin mayafi, kuma na san ba ciwon ba ne.

Dokar ba ta rasa dalili. Wanda ya sayi tiyar gero a 2024, shekarar da ambaliya ta rushe tsohon masallacin Birni ta ci gonaki, ya san me ya sa hukuma take son hatsi ya zauna gida. Amma a tsaye a wurin na yi ta juya abin a raina. Waken nan halal ne ya tafi Bamako, tafiyar kwanaki, amma ba zai je Daura ba da take nan gaba kaɗan, inda rabin dangin mutanen Ɗan Barto suke. Siyasar waje da ake tsarawa a Yamai ta dubi yamma, mu kuwa a Damagaram ƙofarmu kudu take kallo tun zamanin Sarki Tanimu, tun ayarin fatake na bi ta nan tsakanin Kano da Tarabulus. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa suka ja shi, suka gyara a 1904 da 1906 don Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa nan, ba don an tambayi wani bagobiri ko badamagare ba.

A Kongolam awa biyu muka yi, akasarinsa jira ne don manyan motoci sun riga mu. Jami'in shige da fice ya juya fasfona, ya ga tambarin CEDEAO, bai ce komai a kai ba, ya tambayi kwana nawa da kuma adireshin da za mu sauka. Ka riƙe adireshi da lambar wayar mai masaukinka a rubuce. Ƙa'idar 1979 ta kwana 90 ba biza ita suke bi har lokacin. Katin Inna ya karɓa ya rubuta, sai ya tsaya a wajen ranar haihuwa, don tasu takardar tana son rana da wata, tamu kuma shekara kawai ta ce. Ya sa 1 ga Janairu, ya ce in riƙe wannan ranar duk inda aka tambaye ni, kada ta canza. Shawarar ta yi mini rana a asibiti. Mai duba karne ya karɓi takardar uzurin Inna ya yi shiru, da Faransanci take, shi kuma Ingilishi ya karanta. Na fassara masa da Hausa layi-layi, ya duba hatimin likita, ya ce, "Allah ya ba Mama lafiya." Duk takardun da ke hannuna ba ɗaya da aka rubuta da Hausa, amma daga Ɗan Barto har muka bar Kongolam ban ji an warware wata magana da wani harshe ba. A kwastan aka duba lambar inji da ta shasi, aka ba ni lesefase, takardar izinin shiga da mota mai wa'adi. Na biya, na ce a ba ni rasit, aka ba ni. Wannan takardar ka adana ta kamar ranka, ita ce shaidar ba sayar da motar ka shigo yi ba.

Abin da ya ɓata mini rai a hanya ne. Tsakanin ƙofar gidana da Kano na ƙirga shinge goma sha ɗaya. Yawancinsu gaisuwa ce da duba takarda. A biyu an nemi na shayi. A ɗayan mutumin ya karɓi farmina ya sa a aljihu ya koma inuwa, ba laifin da ya faɗa, rana ta take, Inna tana zaune a mota ba ta ci abinci ba ga suga. Minti arba'in na yi ina tsaye ina ba shi girmansa, "ranka ya daɗe, a faɗa mini laifina a rubuta mini rasit in biya." Sai da babbansu ya fito ya ga tsohuwa, ya yi masa tsawa, aka ba ni abina. Ban ba da ko dala ba, amma ba zan ce wa kowa ya yi irin tawa ba in marar lafiyarsa ta matsu. Da ba ni da cikakkun takardu da ban samu bakin magana ba.

Mun shiga Kano ta Kazaure da Dambatta ana kiran la'asar. A asibitin abu uku suka kusa tuntuɓe ni. Suna ne na farko. Ƙanwata ta karɓi kati da rubutun can, katin Inna kuma da rubutun Faransanci, irin yadda Hauwa take zama Haoua, Usman ya zama Ousmane. Sai da aka gyara fayil. Tun kana gida ka aika hoton katin, a rubuta suna harafi da harafi yadda yake. Na biyu biyan kuɗi, sun fi son a tura ta banki ko a goga kati, sai surukina ya biya ni na ba shi sefa. Na uku waya. Layina na gida yana cin kuɗi kamar wuta a can, sai na ari na ƙanwata. An yi wa Inna aikin ido ɗaya ranar Alhamis, ɗayan bayan mako guda, muka juyo ana gab da kama azumi. A dawowa ka tsaya ka mai da lesefase a kwastan, ka sa a buga maka hatimin fita, ko da wani ya ɗaga maka hannu ka wuce. In ba ka yi ba, a littafinsu motarka tana can har yanzu, kuma a zuwa na gaba za ka yi bayani.

In zan sake daga farko, takardun marar lafiya zan fara da su tun ranar da likita ya yi magana, don su suka ci mako uku, sauran duka kwanaki ne. Kowace takarda in yi mata kofi biyu, na asali a jaka ɗaya, kofi a wata. Kuma in je ofishin duwan na gari in tambaya abin da aka hana fitarwa a wannan makon, ba a watan jiya ba, don dokokin suna sauyawa. Bayan tafiyarmu, a ƙarshen Maris, AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigo da su daga wajen ƙawancen. A Mayu kuma, gabanin Layya, aka hana fitar da dabbobi, abin da duk mai kai tumaki Maigatari ranar Alhamis ya ji a jikinsa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne kalmar nan ta "har sai an ba da sabon umarni". A kanta muka wuce. A da haƙƙi ne rubutacce cikin yarjejeniya, yanzu alfarma ce da ɓangarori biyu suka yi wa juna, kuma wanda ya ba da alfarma yana iya janye ta da sanarwa ɗaya a rediyo. Ba ina cewa a koma inda aka fito ba ne. Wanda ya kwana cikin duhu da zafi a 2023, ya ga masu suga suna neman insulin, ya san dalilin fushin mutane da CEDEAO. Amma Nijar da Najeriya suna da iyaka ta kusan kilomita 1,500, kuma suna da tasu hukumar haɗin gwiwa ta su biyu tun 1971, zamanin Diori Hamani da Yakubu Gowon, da mazauninta a Yamai. Ta girmi CEDEAO da shekara huɗu, fitarmu ba ta shafe ta ba. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo Yamai ya gana da namu Bakary Yaou Sangaré, suka yi maganar farfaɗo da ita. Na ji daɗin labarin ƙwarai. Roƙona gare su kaɗan ne: a rubuta a fili wace takarda ce ke wucewa da mutum, nawa ake biyan lesefase, mudu nawa ne guzuri, a buga da Hausa a manna a bangon Ɗan Barto da Kongolam. In za a zauna kuma, a kira direbobin Matamaye da dillalan Mai'aduwa da sarakunan gargajiya na ɓangarorin biyu, su ne suka san inda ƙaya take.

Da muka iso Ɗan Barto a dawowa, buhunan suna nan inda aka jingine su. Na miƙa wa mai shagon jaka biyu ya ture hannuna, ya leƙa ya gaida Inna ya tambayi ido. Ta ce da sauƙi, har ta gane launin hularsa. Waken muka ci da azumi, aka yi ƙosai aka raba wa maƙwabta, ƙanwata kuma na aika mata kuɗinsa. Likita ya ce mu riƙa komawa duk wata shida. Jakar takardun tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, na liƙa mata ƴar takarda da ranar da kowace za ta ƙare, kuma fasfona ne na farko a jerin. In ya ƙare, na AES za a ba ni, da shi zan je Kongolam.